"Arnen Dutse" da "Maganin Arna": wa za a fitar daga zaure?

Sani_Dilimi (mai kula da zaure): Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema kafin in taɓa wani abu a ce Sani ya yi son kai. Kun san dokarmu tun ranar da aka buɗe zauren nan na Facebook: a saya a sayar, ba siyasa, ba addini, ba zagi. To makon jiya wani bawan Allah ya shigo da suna "Arnen Dutse". Dankali yake kawowa daga Bokkos, kuma cikin waɗanda suka saya ba wanda ya kawo ƙararsa. Kwana uku da shigowarsa sai wani tsohon ɗan zaure, mai sayar da caja da murfin waya, ya wayi gari ya koma "Maganin Arna". Daga daren Talata zuwa yau saƙo ya cika min akwati, wasu na cewa in kori na farko, wasu na biyu, wasu duka. Abin da ya ɗaure min kai, ba wanda ya rubuta zagi a cikinsu. Wannan farashin buhu yake sakawa, wancan hoton caja. Dokarmu kuwa rubutu ta hana, ba ta ce komai a kan suna ba. Yaya za a yi?

Maman_Ilham: Wa alaikumus salam. Ka fitar da su duka biyun ka huta, Malam Sani. Jos ba garin da ake wasa da wannan kalma ba ne.

ɗan_Terminus: Haba Hajiya, duka biyun kamar yaya? Ɗaya da kansa yake, ɗaya da mutane yake. Wanda ya mari kansa da wanda ya ɗaga hannu zai mari maƙwabci ai ba hukuncinsu ɗaya ba.

Maman_Ilham: To in ya bar ɗaya ya kori ɗaya, gobe za ka ji an ce ya kori Musulmi ya bar Kirista. Ko an ce akasin haka. Ni tsira da mutuncinsa nake duba masa.

Nanpon_Langtang: Ni Kirista ne, Batarke daga Langtang, kuma zan faɗi gaskiya: da na ga "Maganin Arna" gabana sai da ya faɗi. Wanda zai ce rubutu ne laifi, suna ba laifi ba, ya sake tunani. Rubutu sau ɗaya ake yi, ya nutse a ƙasa, gobe an manta. Suna kuwa yana bisa kowane saƙo. In ya saka caja goma a rana, sau goma ke nan ya gaya min shi ne maganina.

Sadiq88: Gaskiya ne wannan.

Baba_Gangare: Ku yara bari in gaya muku abin da suna yake nufi a garin nan. Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 ina kanti a Terminus abin ya tashi. Ban ga iyalina ba sai bayan kwana huɗu, da takalmi ƙafa ɗaya na isa inda na fake. A duk shingen da matasa suka kafa, ta wannan ɓangare da ta wancan, tambayar farko ɗaya ce: yaya sunanka? In amsarka ta yi daidai ka wuce, in ba ta yi ba sai abin da Allah ya yi. Haka aka sake a Nuwamba 2008, aka sake a Janairu 2010. Unguwannin da a da muke cuɗe yanzu kowa ya ja nasa gefe. Saboda haka in yaro ya ce min suna ne kawai Baba, ba na ma iya ba shi amsa.

Maman_Ilham: Allah ya kiyaye gaba, Baba. Abin da nake gudu ke nan.

Injiniya_Bash: Malam Sani, mafita mai sauƙi: ka rubuta jerin kalmomin da ba a yarda da su ba, duk sunan da ke ɗauke da ɗaya kada a karɓe shi. Ba ruwanka da duba fuskar kowa, na'ura ce ta hana.

Gyang_Bukuru: Injiniya kada ka jefa shi a rami, ni na faɗa cikinsa. Ina kula da zauren tsofaffin ɗalibanmu, na yi irin wannan jerin, na zuba duk ashar ɗin Hausa da na sani. Washegari mutanen Gindiri gaba ɗaya suka kasa rubuta sunan garinsu. Ku duba haruffa biyar na farko za ku gane. Wani kuma ya kawo labarin Janar Buratai, lokacin yana shugaban rundunar sojan ƙasa, saƙon ya maƙale. Wata 'yar Biu ta kira ni a waya tana faɗa, wai don me ba za ta rubuta sunan ƙabilarta ba. Me zan ce mata? Ƙabila ce sukutum a kudancin Borno, da harshenta da tarihinta, ba su san sun yi wa Bahaushe laifi ba.

ɗan_Terminus: Wayyo cikina. Gindiri! Shekarata nawa ina zuwa garin ban taɓa lura ba.

Injiniya_Bash: Na karɓi gyara. Kuma ba kai kaɗai ba ne Gyang, manyan kamfanoni sun sha wannan kunyar. A 1996 kamfanin intanet na AOL ya hana mutanen wani gari a Ingila mai suna Scunthorpe yin rajista, saboda akwai mummunar ashar ta Turanci a tsakiyar sunan garin. Har yau masu harkar kwamfuta da sunan garin suke kiran wannan matsala. A 2006 kuma aka gano Yahoo ba ya karɓar sunan da ke da "allah" a ciki, don wasu na haɗa shi da zagi. Sai ga masu sunan Callahan, sunan Turawan Ailan ne, sun kasa buɗe adireshi. Da surutu ya yi yawa suka janye.

Abdallah_Rikkos: Ashe da ni ma ban samu shiga ba.

Mama_Saratu: Da mu ma. Mu a coci Allah muke cewa, Littafi Mai Tsarki na Hausa Allah ya rubuta. Yarana akwai mai suna Godiya akwai mai suna Allahnanan. Bature yana can yana tsammani kalmar ta mutum ɗaya ce.

Sadiq88: Tunda an zo nan bari in faɗi nawa. 88 ɗin nan shekarar haihuwata ce, 1988. Na shiga wani zauren masu koyon gyaran waya na ƙasashen waje, ban yi awa ɗaya ba wani Bajamushe ya bi ni da tambaya wai me nake nufi. Ashe a wurinsu masu ra'ayin Hitila ne ke amfani da ita, don H ce harafi na takwas, H biyu kuma gaisuwarsu ce. A zauren kuma akwai 'yan Sin, su a wurinsu takwas lambar arziki ce, shi ya sa suka buɗe gasar Olamfik ta Beijin ranar 8 ga watan 8 na 2008. Lamba ɗaya, ni shekarar haihuwa, wancan masifa, wancan sa'a. Na yi masa bayani ya ba ni haƙuri, shi ke nan.

Nanpon_Langtang: Sadiq, naka rashin sani ne, kuma da aka tambaye ka ka yi bayani. Wanda ya rubuta "Maganin Arna" a Jos, da Hausa, kwana uku bayan zuwan wancan, ba zai ce bai sani ba. Kada mu tafi Jamus mu bar Dilimi.

Arnen Dutse: Sannunku. Ni ne ake magana a kaina, na yi shiru ina karantawa. Ba don in tsokani kowa na sa sunan nan ba. Ina ɗan shekara goma sha biyar na fara bin babana kai dankali Kano. A tasha wani mai lodi kullum in ya hango ni sai ya ce ga arnen dutse ya iso. Da farko ina kuka, har na taɓa dambe a kai aka fasa min leɓe. Daga baya na ce to na ji, ni ne. Na sa aka rubuta shi a bayan motata da jan fenti. Tun daga ranar ya daina yi min ciwo, masu faɗa ma suka gaji. Yau a kasuwar Bokkos in ka tambayi sunana na baftisma ba wanda zai nuna maka ni, in ka ce Arnen Dutse yaro ma zai kawo ka. Ni ɗan cocin COCIN ne, ba na fashin coci. Sunana ne na kasuwa, ba da kowa nake ba.

ɗan_Terminus: Kun ji ko. Wannan a kore shi a kan me?

Mama_Saratu: Ɗana, na ji labarinka kuma na tausaya, amma ka saurari uwa. Kai ya daina yi maka ciwo, ni bai daina ba. Kakanninmu da iyayenmu sun sha wannan kalma a kasuwa da asibiti da layin famfo. Kai ka ɗauke ta ka manna a goshi, to yaron da ya gani gobe ya kira ɗana da ita zai ce ai su ma suna kiran kansu. Ba kanka kaɗai ka sa wa ba, har da mu, kuma ba ka tambaye mu ba.

Hajiya_Kaka: Ni tawa matsalar ƙarama ce amma ita ce ta hana ni saye. Buhu biyu nake so tun Laraba. In na kira waya in ce wa? In ce salamu alaikum, da arne nake magana? Bakina ba zai iya ba wallahi. Ka sa suna, ka bar mu da nauyin faɗa.

Arnen Dutse: Hajiya ki ce mai dankali, zan amsa. Mama Saratu, na ji, ban taɓa duba ta wannan gefen ba. Amma in na canza, masu nemana da sunan fa?

Malam_Auwal: Bismillah. 'Yan'uwa Musulmi nake wa magana musamman. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da miyagun laƙubba, kuma ta zo tare da hana wasu mutane su yi wa wasu izgili. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana canza mummunan suna: 'yar Sayyidina Umar da ake kira Asiya, mai ma'anar mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Ya ce wa wani mai suna Haznu ya koma Sahlu, mutumin ya ce ba zai bar sunan da ubansa ya raɗa masa ba, kuma ba a tilasta shi ba. A lura da wannan. Malaman hadisi kuma suna cewa A'amash, suna cewa A'araj, wato mai raunin gani da gurgu, don da haka aka san su, ba don wulaƙanci ba. Saboda haka mai dankali nasiha ce tasa. Mai caja kuwa ban ga ta inda zan kare shi ba. Maƙwabcinka Kirista ma'abocin littafi ne, kuma ko ba haka ba, wa ya naɗa ka maganin wani?

Maganin Arna: Allah ya gafarta Malam, wasa ne fa. Na ga ya sa nasa ne na ce bari in ba shi amsa a yi dariya. Abokaina Kiristoci sun fi a ƙirga, a shagona ma yaron da ke min aiki ɗan Pankshin ne. Bafulatani da Babarbare ba sa faɗa wa juna abin da ya fi wannan?

Ardo_Naraguta: A'a, tsaya nan ɗan'uwa, kada ka jawo mu. Wasan da ke tsakaninmu da Barebari, ko mu da Tibi, ko Kanawa da Zagezagi, ko Katsinawa da Nufawa, ko Gobirawa da Yarbawa, gadonsa aka yi. Kowa ya san iyakarsa, kuma in na ce wa Babarbare bawana yana da abin da zai rama, mu tashi muna dariya. Wa ya ƙulla maka wasa da mai dankali? Ka taɓa shan ruwa a gidansa? Kuma wasa a gaban mutum ake yi, ba a rataya shi a wuya a shiga kasuwa.

Gyang_Bukuru: Yaron shagon naka ya ga sunan? Me ya ce?

Maganin Arna: Bai ce komai ba.

Gyang_Bukuru: Ai ba zai ce ba, kai ke biyansa.

Lauya_Zee: Ƙarin bayani kaɗan, ba tsoratarwa ba. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, sashe na 26 ya yi magana a kan zagi ko barazana ga mutane ta hanyar kwamfuta saboda ƙabila ko addini. Ban ce sunanka zai kai ka kotu gobe ba, amma in wani abu ya tashi a gari aka ɗauki hoton shafinka, ba Malam Sani ne zai yi maka bayani a gaban hukuma ba. Wasu ƙasashen sun wuce nan. Kalmar kafiri da muka aro daga Larabci, a Afirka ta Kudu ta rikiɗe ta zama zagin da farar fata ke yi wa baƙar fata, ba ruwanta da addini. A 2018 kotu ta ɗaure wata farar fata saboda ta yi ta jifan 'yan sanda baƙaƙe da ita.

Shekwo_Abuja: Ina bin zancen daga Abuja. Ku da kuke ta arne arne, mu fa? Mu Gbagyi ne, ƙasarmu aka gina babban birni a kai, amma har gobe in mutum ya kasa gane magana sai a ce bagware ne, in harshensa ya karye a ce gwaranci. Ku je Farin Gada, tumatur da kabeji da karas me kuke ce musu? Kayan gwari. Wannan ma ban damu ba, noma ne, abin alfahari ne. Amma akwai wani a zauren nan sunansa "Ba Bagware Ba Ne Ni", ya fi shekara, ba wanda ya tura wa Malam Sani saƙo.

Sani_Dilimi (mai kula da zaure): Shekwo wallahi ban taɓa lura ba, kuma rashin lurar ma laifi ne. Zan duba.

Nanpon_Langtang: Shekwo ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Yawancinmu sunan da aka san mu da shi a da wasu ne suka raɗa mana. Mu Tarok aka ce Yargam. Ngas aka ce Angas, Mwaghavul aka ce Sura, Goemai aka ce Ankwai. A kudancin Kaduna Bajju aka ce Kaje, Atyap aka ce Kataf, Ham aka ce Jaba, ga ƙananan hukumomi nan har yau da sunan Zangon Kataf da Jaba. Tibi kuwa ka ce masa Munci ka ga yadda fuskarsa za ta canza. Wani tsoho zai faɗi tsohon sunan ba da nufin komai ba, da shi ya tashi. Ni ba na faɗa da irinsa, gyara masa nake yi. Wanda na gyara wa sau biyu ya maimaita, shi ne na san da gayya yake.

Abdallah_Rikkos: Mu ma ba mu tsira ba ai. Na yi shekara shida a Legas. Kalmar aboki, wadda ba ta da na biyu wajen daɗi a Hausa, can in an ce maka ita ana nufin wawa mai gadi ko mai wankin takalmi. Bafulatani kuma ya ce mana Haɓe. Mu kuma mu juya mu ce wa Ibo nyamiri, daga kalmarsu ta neman ruwan sha. Kowa da wanda yake dannawa.

Ardo_Naraguta: Kaɗo dai kaɗo ne Abdallah, wannan ba zagi ba ne, bayani ne.

Abdallah_Rikkos: Ka gani ko Malam Sani, a fara da Ardo.

Hajiya_Kaka: Ni abin da ya tuna min, mu Hausawa ma muna sa mummunan suna da gangan. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa in ta haihu sai a ce Ajuji ko Ayashe, wai don mutuwa ta raina shi ta bar shi. Yayar babata Ayashe ce, ta haura tamanin. In baƙo ya ji zai ce an wulaƙanta ta, alhali tsananin so ne. Na mai dankali ya yi min kama da wannan, garkuwa ya yi da shi. Sai dai ita Ayashe ba ta jawo kowa a nata ba.

Maman_Ilham: Duk na ji, amma a koma kan tambaya. Har yanzu ni ina kan bakata. In za a yi doka a yi ta bai ɗaya: ba sunan da ya taɓa addini ko ƙabila, ko naka ko na wani. Ba sai an zauna ana auna niyyar kowa ba, Malam Sani ba alƙali ba ne, shi ma yana da shagon da zai kula da shi.

ɗan_Terminus: To Hajiya da wannan dokar "Bahaushen Jos" ma ya fita, "Yar Berom" ta fita, Ardo ma ya fita. Rabin zauren ke nan.

Maman_Ilham: Ka san abin da nake nufi, kada ka murɗe min magana.

Maganin Arna: To na ji, na yi kuskure, a yafe min. Mama Saratu da Nanpon ku yi haƙuri. Yanzu na je in canza, Facebook ya ce sai bayan kwana 60 tunda ban daɗe da canzawa ba. Ya zan yi?

Injiniya_Bash: Haka tsarin yake, sai ka jira.

Nanpon_Langtang: Na haƙura. Amma wata biyu ina ganin sunan nan a kan caja, a'a. Ya fita ya dawo in ya gyara.

Sani_Dilimi (mai kula da zaure): Ga inda na tsaya a daren nan. Mai caja zai ɗan dakata a waje, ranar da sunan ya canza ƙofa a buɗe take, kuma ba wanda zai goranta masa. Mai "Ba Bagware Ba Ne Ni" na tura masa saƙo. Mai dankali ban yanke ba, don maganar ɗan Terminus ta kama ni, ta Mama Saratu ma ta kama ni. Zan kira shi gobe mu yi magana baki da baki.

Baba_Gangare: Ka kira Mama Saratu ma ka haɗa su. Ita ce mai haƙƙi, ba mu ba.

Arnen Dutse: Ba damuwa, a kira ni bayan ƙarfe huɗu, da safe ina hanya. Fentin motar dai ba zan goge ba.

Sani_Dilimi (mai kula da zaure): Jama'a, yanzun nan wani ya nemi shiga, taya yake sayarwa. Sunansa "Nyamirin Katako". Na duba hotonsa, Ibo ne, Hausarsa ta fi tawa. Na bar shi a layi tukuna.

Hajiya_Kaka: Wannan na san shi, a Katako aka haife shi, haka kowa ke kiransa. Mai dankali, buhu biyun nan dai, nawa za ka bar min har Rikkos?